Arba'in ɗin Barmo

Ranar da labarin ya iso, Tabawa tana bayan ɗaki tana kirɓa ganyen albasa. Bazara ce, wadda ta biyo bayan zaɓen farko da aka taɓa yi a ƙasar Adar. An gama cire albasa a fadamar Tama, matan ƙauyen Gidan Jika duk sun duƙufa suna dunƙula gabu suna shanyawa a kan zana. Hannunta ya yi kore shar, idonta yana ta zubar da ruwa tun ba ta san akwai abin kuka ba.

Sai ta ji sallamar Kalla, ƙanen mijinta. Kalla tsohon soja ne, bai cika shekara biyu da dawowa daga yaƙin Nasara ba, kuma bai taɓa shiga gidan ba tare da ya tsokane ta ba. Ran nan ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya zo ya tsuguna nesa da turmi.

"Tabawa, aje taɓaryar ga."

"In tuwo ka biyo, ba a ɗora ba."

"Aje dai."

Ta ajiye. Ya ce mata shekaranjiya mijinta Barmo ya faɗi a kan dutse da kwandon duwatsu a kansa, rana tsaka, bai sake tashi ba. An rufe shi a can gefen hanya kafin la'asar. Wani daga cikin abokan aikinsa ne ya sulale ya kawo maganar.

Kwana ashirin da shida ke nan da aka tafi da Barmo, shi da mutum bakwai na garin, aikin dole a hanyar mota da ake fasawa tsakanin Buza da Keita. An ce wata ɗaya za su yi. Tabawa har ta jiƙa gero don furar tarbarsa.

Ta yi salati, ta sake yi. Sannan ta ce, "An yi mai salla?"

"Mutum tara sunka yi mai."

"To, alhamdu lillahi."

Ta je ta wanke hannu, koren ya ƙi fita. Da shi ta shiga takaba.

Ranar sadakar uku Maiguwa ya zo. Shi ne mai tara mutanen aikin hanya a wannan yanki, dogo ne mai jar hula, ba ya tafiya sai da dogarai biyu a bayansa. Ya yi gaisuwa a tsaye, ko addu'a bai tsaya an shafa ba, ya ja maigari gefe. Sai dai gefen da ya ja shi jikin zanar ɗakin Tabawa ne, ta kuwa ji kome.

"Takwas anka rubuta ma garin ga, saura bakwai. Gidan da ya rage, shi ka cikawa. Barmo na da ɗa."

Ɗan da yake nufi shi ne Halidu, ɗan farin Tabawa, shi kaɗai ne namiji a cikin waɗanda suka rayu. Bara ya yi aure, matarsa tana da ciki. Maigari ya yi ta roƙo, ya ce yaron shi ne mai karɓar gaisuwa, a bar shi ko zuwa sadakar arba'in. Maiguwa ya yi dariya.

"Na yarda. Ranar arba'in ɗin ni ma ina zuwa. Dangin Barmo na garuruwa za su taru, sai in ɗebi na canji gaba ɗaya. Kun hutar da dokina yawo."

Tabawa ta lissafa da yatsunta. Arba'in zai faɗa daidai ruwan shuka. Gona biyu Barmo ya bari, ta tudu da ta fadama, in aka tafi da yaron ba mai saran rami ko ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Dutsen da ya ci uban yana nan inda yake, bai ƙoshi ba.

Akwai mutum ɗaya da ta tuna. Da sanyin da ya wuce, wani Malam Ayuba na Madawa ya zo garin a kan doki yana neman a zaɓe shi wakili a majalisar da za a kafa a Yamai. Ya yi lakwal, wato makarantar Nasara, ya taɓa aikin biro a ofishinsu, daga baya ya koma saye da sayar da fata. A zauren Barmo aka sauke shi, don kowa ya san Barmo da son baƙo. Kwana biyu ya yi. Barmo ya yanka masa ragon da yake turke da shi, Tabawa da hannunta ta tuƙa tuwon. Malam Ayuba ya ci, ya yaba miya, ya ce wa mutane zamani ya sake, daga yau shi ne bakinsu. Da aka tambaye shi batun aikin dole, don ana ta raɗe-raɗin wai an soke shi a can ƙasar Faransa, sai ya ce su bar wannan a hannunsa.

Mutum huɗu kaɗai ke da katin zaɓe a Gidan Jika: maigari, da wani mai kanti, da Kalla, da wani tsohon sojan. Amma gari duka ya zauna a gindin gawo aka daidaita a kan wanda huɗun za su jefa wa. Barmo ba shi da kati, duk da haka muryarsa ta fi ta kowa ran nan. Malam Ayuba ya ci zaɓe. Wata uku bayan haka Maiguwa ya zo da dogaransa kamar kowace shekara, ya ce maganar sokewa zancen kasuwa ne, ya tafi da mutum takwas.

Mai takaba ba ta tafiya, don haka Tabawa ta aiki Kalla Madawa ya kai kuka. Ya yi kwana huɗu ya dawo da ƙura har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofarta yana huci.

"Ka gane shi?"

"Na ga ƙofar gidanai. Kyakkyawa ce, an shafe ta da farar ƙasa."

"Kalla, ban da wasa."

"Wallahi ba wasa. Kwana biyu ina zaune. Baranshi ya ce Malam ya ji, za a duba, amma majalisa ba ta zama sai bayan damina. In kawo kukan a rubuce." Ya tofar da yawu gefe. "Ni da hannuna na jefa takardar ga cikin akwati. Na ɗauka wani abu ne. Ashe ƙuri'a kamar goro ce, ka ba da, an tauna, an zubar. Sai bayan shekara biyar ka sake ganin haƙoranshi."

"Ka gaya ma baran mai masaukin Malam ne ya rasu?"

"Na ce an kashe mutum a aikin dole, za a ɗauki ɗanshi. Mi ya fi wannan?"

Tabawa ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Mu munka yi kuskure. Ƙara munka kai. Ƙara ana ce mata gobe."

"To mi za mu kai? Rawa?"

"Gaisuwar mutuwa ba a ce mata bayan damina."

Kalla ya dube ta. Ta ce mutumin nan ya kwana a zaurensu, ya ci ragonsu, yau kwana goma sha ɗaya ko ɗan aike bai turo ya ce Allah ya jiƙan rai ba. Wataƙila bai ji wanda ya rasu ba. To za a jiyar da shi, ta yadda ba zai ce bai ji ba.

Ta sa aka kira mata Iya Saude, tsohuwar da ke kai gabu da daddawa kasuwar Madawa a kan jaki. Ta ba ta goro ashirin da ƙwaryar gabu guda, ta ce ta kai wa maroƙin kasuwa, wanda ya fi kowa murya. Ta faɗa mata abin da zai ce, ta sa ta maimaita har sau uku.

"Kada shi zage shi, Iya. Ko kalma guda. Yabo nika so."

"Yabo? Ɗiyar nan, baƙin ciki ya taɓa ki?"

"Yabo dai. Shi yabe shi har kunya ta kama shi."

Haka aka yi. Ranar kasuwa, da rana ta ɗaga, ana tsakiyar ciniki, maroƙi ya tsaya kusa da rumfar masu fata ya ɗaga murya. Ya ce jama'a su ji, Barmo na Gidan Jika ya riga mu gidan gaskiya, Barmo mai masaukin Malam Ayuba, wanda ya yanka masa rago tun ba a san za a zaɓe shi ba. Ya ce ranar Alhamis ta uku mai zuwa za a yi arba'in, kuma Malam Ayuba, ɗan halas da ba ya manta akushin da ya ci, wakilin talakawa, zai je da kansa ya yi wa iyalin gaisuwa. Ya zaga kasuwa yana faɗa. Iya Saude ta ce da idonta ta ga Malam Ayuba a rumfarsa, mutane suna miƙa masa hannu suna cewa Allah ya saka, haka ake son babba. Ta ce ya yi murmushi irin na wanda ya taka ƙaya a gaban surukai, ya kuma ba maroƙin kyauta.

"Ya ce zai zo?" in ji Tabawa.

"Bai ce ba. Bai kuma ce a'a ba."

Tabawa ba ta jira ta ji daga bakinsa ba. Duk matar da ta shigo gaisuwa, daga Tama, daga Galma, daga rugagen Fulanin da Barmo ke ba kara suna ba shi taki, sai ta ce mata ta gaya wa mazan gidansu wakili zai zo arba'in. Wanda bai san Barmo ba ma ya zo, gero dai Allah zai hore. Ta sa aka buɗe rumbun da ake tanadi don damina.

Wannan ya tayar wa Kalla da hankali. Ya same ta ya ce, "Ke kin san abin da kika yi? Kina tara ma Maiguwa maza wuri guda, kamar kaji a akurki. In mutumin ga bai zo ba fa?"

"Zan shimfiɗa mai tabarma a gaba, inda kowa ka gani."

"In bai zo ba, na ce."

"Sai mutum ɗari biyu su wuni suna kallon tabarma ba kowa. Su koma gida su ba da labari. Kana tsammani bai san haka ba? Ya fi mu sani."

"Yayana ya sha fama," in ji Kalla. Karo na farko ke nan tun rasuwar da ta ji dariya ta taso mata, ta danne.

Halidu kuwa aiki ya sa a gaba duk kwanakin nan. Ya gyara sungumi, ya kai taki gona, ya kuma ɗinke tsohon takalminsa na fata, irin ɗinkin mai shirin tafiya. Tabawa ta ga takalmin a bakin ɗakinsa, ta kau da kai. Tsakaninta da shi akwai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa, ba ta zama ta yi hira da shi, in za ta ba shi saƙo sai ta ce wa matarsa a gaya wa yaron nan. Ba ta da hanyar ce masa kada ya ji tsoro, sai dai ta ƙara masa nono a fura.

Ranar Alhamis tun hantsi ƙofar gidan ta cika. An baza tabarmi daga zaure har gindin gawo, waɗanda ba su samu ba suka zauna a kan takalmansu. Mata suna ciki suna ta gumba da fura. A gaba, dama da liman, an shimfiɗa sabuwar tabarma da buzu a kai, ba wanda ya zauna. Tabawa tana cikin ɗaki, amma ta sa an matsar da shimfiɗarta jikin zana, inda akwai ƴar kafa da take hango waje.

Maiguwa ya riga wakili zuwa. Ya ɗaure doki, ya zauna a inuwa da dogaransa, yana bin samari da ido ɗaya bayan ɗaya. Aka yi karatu, aka sauke. Rana ta take. Tabarmar tana nan ba kowa. Liman ya duba hanya, ya ce a ƙara wani karatun don mamaci mutumin kirki ne. Aka ƙara. Kalla ya kasa zama, ya tashi ya koma bayan gari, ya dawo, ya sake tashi. Da Iya Saude ta leƙo ta ce ko a fara rabon gumba, sai Tabawa ta ce a dakata.

Ana gab da azahar aka hango ƙura ta gabas. Malam Ayuba ne, shi da mutum ɗaya, rigarsa ta jiƙe da gumi. Da ya ga yawan jama'a sai ya ɗan ja linzami. Ya sauka, aka yi ta marhabin, aka kai shi tabarmarsa. Ya hangi Maiguwa, Maiguwa ya hange shi, suka gaisa da ka.

Aka yi addu'a aka shafa. Sai maigari ya ce, kamar yadda aka saba, baƙo ya matsa ya gai da mai takaba. Malam Ayuba ya taso ya tsuguna a jikin zana. Wurin ya yi tsit, don kowa yana son ya ji yadda manya ke gaisuwa.

"Uwargida, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam Barmo, shi sa ya huta."

"Amin, Malam. Haƙuri sai ma'abucinsa. Ka sha hanya."

Nan ya kamata ta tsaya. Mai takaba muryarta ƙasa-ƙasa take, amsa kawai take yi. Tabawa ta ɗaga tata yadda na gindin gawo zai ji.

"Malam, tambaya guda gare ni, ni jahila ce. Kai ka yi karatun Nasara. Aikin ga da ya ci maigidana, anka ce an soke shi. Gaskiya ne ko zancen kasuwa?"

Malam Ayuba ya gyara tsuguno. Ya ce, a hankali, wannan magana ce mai tsawo, zai ga kumandan, Baturen mulki, kuma in majalisa ta zauna zai tayar da ita.

"Ban tambaye ka kumandan ba, Malam. Na ji majalisa sai bayan damina, yaron ga kuwa yau za a tahi da shi, ga mai ɗaukarshi can zaune. Abin da ka sani nika tambaya. Akwai dokar ko babu?"

Wata tsohuwa a cikin gida ta ce, "Tabawa, takaba kike!" Tabawa ba ta ko waiwaya ba.

Ta kafar zana tana ganin gefen fuskarsa. Gumi yana bin gemunsa. Ya dubi Maiguwa, wanda kowa ya san yana da kunne a bariki, kuma lasin fatar Malam Ayuba daga barikin yake fitowa. Ya dubi mutanen da ke zaune, na Tama, na Galma, Fulani da sandunansu a kafaɗa, tsofaffin soja uku da ya san da katinsu a aljihu. Ba wanda ya yi tari. A wannan zaure ya ci rago, rabin waɗanda ke nan sun gani.

Ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci jama'a.

"Akwai ta," in ji shi. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Akwai ta. Tun bara da bazara anka sa mata hannu. Na karanta da idona. Ba wanda za a kai aikin hanya sai da yardarshi, in ya je kuma a biya shi. Wanda ya ce ba shi zuwa, ba laifin da ya yi."

Tun bara. Tabawa ta ji maganar ta sauka mata a ciki kamar dutse. Ashe ranar da aka fita da Barmo daga gidan nan, dokar ta kusa shekara. Ta dafe ƙasa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, don ba a gama ba.

Waje ya ɗauki guna-guni. Maiguwa ya tashi yana kaɗe riga, ya ce shi bai san wata doka ba, takarda aka ba shi da suna takwas, wanda ke da magana ya je bariki ya yi. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Barmo! Taso mu tahi, rana na yi."

Halidu yana zaune kusa da liman. Tun yana yaro yake ganin in an kira mutum haka sai ya tashi, ubansa ma haka ya tashi. Ya dafa gwiwa, ya fara miƙewa.

"Halidu!"

Duk wanda ke wurin ya san muryar, ya kuma san bakin bai taɓa furta wannan suna ba shekara ashirin da biyu. Mata a cikin gida suka kama baki. Halidu ya tsaya a rabin miƙewa, ya juya yana kallon zana kamar bai san ta ba.

"Halidu, zauna."

Ya zauna.

Dogari ɗaya ya yi taku biyu. Kafin ya yi na uku, Kalla ya taso ya zauna a gaban yaron, ya miƙe ƙafafu. Wani tsohon sojan ya zo ya zauna kusa da shi. Wani Bafulatani ya matso da sandarsa ya zauna. Ba wanda ya zagi kowa, ba wanda ya ɗaga hannu. Mutane dai suka yi ta matsowa suna zama, har ya zamana in dogarin zai kai ga Halidu sai ya taka mutum talatin. Liman kuwa ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci fatiha. Aka shafa, ya ce a yi wa iyayen mamaci. Aka shafa, ya ce a yi wa waɗanda suka mutu a hanya ba a san kabarinsu ba, sannan a roƙi ruwa, sannan a roƙa wa masu mulki Allah ya nuna musu gaskiya. Dogaran nan Musulmi ne, ba dama su ja mutum ana tsakiyar addu'a. Tun suna tsaye har suka tsuguna suka ɗaga hannu su ma.

"Liman," in ji Kalla ƙasa-ƙasa, "in ta ƙare maka, akwai kakata."

Maiguwa ya kwance dokinsa. Ya ce za su gani, wakili ba a garin yake kwana ba. Ya tafi ko gumba bai karɓa ba.

Da za a watse, Malam Ayuba ya dawo jikin zana yin sallama. Wannan karon a hankali suka yi magana.

"Uwargida, kin ɗaure ni da igiyar da ba a gani."

"Kai ka ce kai ne bakinmu, Malam. Baki kuwa ba a aje shi sai bayan damina."

"Gaskiya zan hwaɗa miki. Ni ba ni da dogari ko ɗaya. Zan rubuta takarda, zan kuma yi magana a Yamai. Amma mutumin ga zai dawo, ni ina Madawa."

"Na sani. Abin da ba mu da shi ka ba mu, an ji daga bakin mai karatu a gaban shaidu. Saura namu ne."

Kafin baƙi su kama hanya, maza suka tsaya a gindin gawo suka yi shawara. Duk garin da aka ga jar hular Maiguwa, a buga ganga, na kusa su zo su zauna. Ba faɗa, zama kawai.

Kwana biyar bayan haka ruwa ya sauka. Maiguwa ya dawo kamar yadda ya ce, ya wuce gari kai tsaye zuwa gonar tudu, yana tsammanin ya sami yaron shi kaɗai. Ya tarar da mutum fiye da ashirin a jere da sungumi, mata a bayansu suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, ganga kuma tana tashi daga cikin gari. Ya tsaya a kan doki ya yi kallo, ya juya. Ya gwada a wani ƙauye wajen Galma, can ma ya tarar da mutane zaune. Mutum bakwai ɗin da ke kan dutse labari ya kai musu, suka ɗauki buhunansu da rana tsaka suka taho gida, ba wanda ya bi su.

Takardar Malam Ayuba, Tabawa ba ta taɓa sanin inda ta kwana ba. An ce ya yi magana a Yamai, an ce kuma lasinsa ya yi wata shida bai fito ba. Ya sake zuwa Gidan Jika sau biyu kafin wani zaɓen, ba don ya fi sauran wakilai kirki ba, sai don mutanen yankin sun gane hanya: suna da suna, suna da biki, suna da arba'in, kuma maroƙin kasuwar Madawa yana nan da ransa. Kalla bai fasa cewa ƙuri'a goro ce ba. Tabawa takan ce masa ita ba ta taɓa riƙe kati ba balle ta sani, abin da ta sani shi ne wanda ka ɗora a kan doki, kada ka saki linzamin ka koma gida ka kwanta.

Gero ya yi kyau a shekarar. Matar Halidu ta haifi namiji, aka mayar da sunan Barmo. Hanyar ma an gama ta daga baya, da leburori masu karɓar lada. Rani biyu bayan haka Halidu da kansa ya ce zai je ya yi wata guda ya samo kuɗin sayen bijimi. Tabawa ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki, amma ba ta hana shi ba, don da ƙafarsa zai je, da ƙafarsa zai dawo ranar da ya ga dama. Shi ne ya gano kabarin uban, ya jera masa duwatsu. Ita har yau ba ta je ba. Ta ce ba za ta taka wannan hanya ba, ko a mota.

Yanzu ta tsufa, ido ya rage, jikoki ne ke kirɓa mata gabu. Halidu ma furfura ta fito masa. Amma kullum in ta idar da sallar asuba, takan dogara sanda ta ratsa tsakar gida, ta tsaya nesa kaɗan da ƙofarsa, ta ce, "Masu ɗakin ga sun tashi?" Ba ta motsawa sai ta ji muryarsa daga ciki ya ce, "Mun tashi, Inna." Sannan ta koma ta hura wuta.